Ƙuna ko Magani: Jinyar Zuciyata a Alƙahira

Abu na farko da Alƙahira ta ƙwace mini shi ne Larabcina. Na yi shekaru ina karantar da Alƙur'ani da littattafan fiƙihu a zauren gidanmu, a wani ƙauye kusa da dam ɗin Watari a jihar Kano, don haka na sauka daga jirgi ina ganin ko ba komai magana ba za ta ba ni wahala ba. Na shiga tasi, na gaida direba, na yi masa kwatancen unguwar da za ni da Larabcin littafi, ina kiyaye kowane wasali. Ya saurara har na kai aya, sannan ya juyo ya dube ni ya ce, "Sadaƙallahul Azim," ya fashe da dariya. Abin da ya ci gaba da faɗa bayan nan, ko kalma ɗaya ban kama ba. Na jingina da kujera ina kallon benaye masu launin ƙasa suna wucewa, na san lallai na bar gida.

Sunana Habibu. Da safe malami ne ni, da hantsi manomi. Muna noman rani a bakin ruwan dam, tumatir da albasa. Ciwon da ya kai ni Masar ya daɗe tare da ni. Ina zaune lafiya ƙalau sai zuciyata ta ɓalle da gudu, bugun ya yi sauri har ba ya ƙirguwa, wuyana ya riƙa harbawa, gumi ya karyo, idona ya yi duhu. Wani lokaci ya lafa kafin a sha kofin shayi, wani lokaci ya wuni. Ranar da na faɗi a cikin fangalin albasa, ruwa na kwarara ta gefen kunnena, yayana Ado ya ɗauke ni a babur zuwa birni.

Likitan da ya gan ni a Kano ya ɗora ni a kan magani. Maganin ya rage yawan tashin ciwon, amma ya mayar da ni wani mutum daban. Fartanya ta yi mini nauyi. Ina karɓar hadda sai in ji kaina ya faɗa ƙirji, ɗalibai na jira in farka. Da na koma na yi masa kuka, ya ce akwai wani aiki da ake yi a raba mutum da ciwon gaba ɗaya, amma masu yin sa a ƙasarmu kaɗan ne. Yaya Ado ne ya tsaya kai da fata sai na fita waje. Shi ya tara dangi, aka sayar da filin da Baba ya bar mana a wajen Ungogo. Abin da aka samu bai isa mutum biyu ba, shi ya sa na tafi ni kaɗai.

Wanda aka haɗa ni da shi a can wani Bahaushe ne mai suna Nura, wanda ya je karatu ya zarce da zama. Sana'arsa ke nan, karɓar marasa lafiya daga gida yana kai su wajen likitoci. Fari ne, mai fara'a, ba ya buɗe baki sai da "Allah gafarta Malam." Ya sauke ni a wani ɗaki a saman bene mai hawa da yawa, a unguwar da hayaniyar motoci ba ta yankewa. Tagar ɗakin bangon wani gida take kallo. Ni da na saba in fito ƙofar gida in hango gonaki har inda ido ya ƙare, sai ga shi ban san inda rana take fitowa ba sai da na tambayi alƙibla.

Makonnin farko a yawon gwaji suka ƙare. Yau a ɗebi jini a nan, gobe a ɗauki hoton ƙirji a can, jibi a sake ɗiban jinin da aka riga aka ɗiba. Duk inda muka shiga sai na ga Nura ya keɓe da mai karɓar kuɗi suna ƙus-ƙus. Ban kawo komai a raina ba. Takardun gwajin duka a jakarsa suke, ya ce kada in ɓatar.

Rannan ya kai ni wajen wani likita mai ofis kamar falon attajiri. Likitan ya yi ta magana da sauri, yana nuna ƙirjinsa, yana ɗaga yatsu biyu. Nura ya juyo ya ce mini, "Malam, ya ce babu wata hanya. Dole a yi maka aiki cikin satin nan, in ba haka ba komai na iya faruwa. Sai a ajiye kuɗin yau."

To, duk da kunnena bai saba da harshensu ba, akwai kalmar da na ji likitan ya maimaita, kalmar da ke nufin zaɓi. Wannan kam na san ta tun ina yaro a gaban allo. Na dubi likitan na tambaye shi a hankali da Larabcina na littafi, "Dole ne, ko zaɓi ne?"

Ya dubi Nura, ya dube ni. Ya ce, "Zaɓi ne."

Muka sauko daga benen ni da Nura. A bakin titi ya ce, "Tunda ka iya, ai sai ka yi da kanka." Ya tare tasi ya shige. Daga ranar wayarsa ba ta sake shiga ba, kuma takarduna duka suka tafi da shi.

Na kwana biyu ban fita ba sai masallaci. Burodinsu mai faɗi da wake nake saye a ƙasan bene, in ci rabi in ture. Abin da na fi tunawa a lokacin ba wani babban abu ba ne. Ƙamshin daddawa idan matata Rabi ta kaɗa miya, da ƙarar injin ban ruwa da asuba, su ne suka riƙa zo mini har in ji ƙwalla.

Wata rana ina hawa matakala ina hutawa, na ji an ce daga wata ƙofa, "Wanga ko Bahaushe na?" Wani tsoho ne zaune a kujera, ƙafafunsa sun kumbura kamar turmi. Alhaji Mamman ke nan, Basakkwace, tsohon mai fataucin fata, wanda ƙodarsa ta lalace. Shi da matarsa Hajiya Tumba sun riga ni zuwa da watanni. Ya ce, "Shigo, Malam, zamna." Hajiya ta kawo mini tuwon shinkafa da miyar kuka, kukar da ta ƙullo tun daga gida take tattalinta. Na sa loma ta farko a baki, sai na sunkuyar da kai ina share ido. Suka yi kamar ba su gani ba. Tun daga ranar, kullum akwai kwanona a ɗakinsu.

Rannan ciwon ya tashi mini a kan titi, ina dawowa daga sallar azahar. Na dafa bango, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, na zame na zauna a ƙofar wani kemis. Mutane suna ta wucewa. Mai kemis ɗin ne ya fito, wani dattijo mai sanƙo, da ɗan zanen gicciye a wuyan hannunsa. Ya kama hannuna ya ji bugun, fuskarsa ta canza. Bai tambaye ni ko ni wane ne ba. Ya ja ƙofar shagonsa ya kulle, ya sa ni a tsohuwar motarsa, yana tuƙi yana ce mini, "Numfasa, ya Shehu, numfasa." Ya kai ni wani babban asibitin koyarwa, ya yi ta faɗa da masu gadi har aka shigar da ni. Aka manna mini wayoyi a ƙirji ciwon yana kan ganiyarsa, aka yi mini wata allura da na ji kamar raina ya fita ya dawo, bugun ya daidaita. Da na nemi mutumin don in yi godiya, an ce ya koma shago. Na je daga baya da lemo a leda, ya karɓi ɗaya ya mayar mini da sauran.

A asibitin nan na haɗu da Dakta Suhaira, likitar bugun zuciya, mace mai matsakaicin shekaru da ba ta cika murmushi ba. Da ta gane irin Larabcin da nake ji, sai ta koma yi mini shi, a hankali, kamar mai karanta darasi. Ta ce gwajin da aka yi mini ciwon na tashe ya fi duk waɗanda suka ɓata amfani. Ta zana zuciya a takarda. Ta ce akwai wuta a cikin zuciya da ke bin hanya ɗaya tana sa ta bugawa, ni kuma an halicce ni da wata 'yar ƙaramar hanya ta daban, wutar takan kauce ta shiga cikinta ta yi ta zagaye.

Ta ce, "Hanya biyu ce a gabanka. Ko ka zauna a kan magani, wataƙila har ƙarshen rayuwa. Ba ya warkarwa, yana dannewa ne, kuma ka riga ka san yadda yake sa ka. Ko kuma mu zura siririyar waya ta jijiyar gindin cinyarka har cikin zuciya, mu nemo wannan hanyar mu ƙona ta. Ba yanka ba ne. Yawancin mutane suna rabuwa da ciwon."

Na ce, "Waɗanda ba yawancin ba fa?"

Ta ce, "Wasu yakan dawo musu. Kaɗan kuma, idan wurin ya yi kusa da babbar hanyar wutar, ƙunar takan taɓa ta. Idan ta yanke, sai an dasa wa mutum na'ura mai batir a ƙirji, ita za ta riƙa bugar masa da zuciya. Ciwonka irin wanda ba kasafai yake kisa ba ne. Shi ya sa ba zan ce maka dole ba."

Na so ƙwarai ta ce dole. Da ta faɗa, da na huta.

Na buga waya gida. Inna, mahaifiyarmu, tana jin kalmar ƙuna ta fara salati. Ta ce, "Habibu, zuciya fa aka ce. Wuta a zuciya? Ban yarda ba. Ka karɓo maganinka ka dawo in gan ka." Yaya Ado ya karɓi wayar ya fita waje, na ji tashin muryarsa. Ya ce, "Kada ka saurari Inna, tsoro ne na uwa. Magani ai akwai shi a Kano. Ba mu rabu da filin Baba don ka dawo mana da ƙwayoyi a leda ba." Daga ƙarshe aka ba Rabi wayar. Ta ce, "Malam, ni na ga faɗuwarka, na kuma ga baccin da maganin nan ke sa ka. Ban san wanne ya fi ba ni tsoro ba. Ba zan zaɓa maka ba, don kada wata rana ka dube ni da shi."

Na kai maganar wajen Alhaji Mamman. A lokacin jikinsa ya ƙara tsanani, numfashi da ƙyar. Ya saurare ni har ƙarshe, ya yi 'yar dariya da ta koma tari. Ya ce, "Malam, kai hanya biyu anka ba ka kana kuka. Ni nan ko guda ba a ba ni ba." Sannan ya ce, "Amma ban ce taka ta hi sauƙi ba. Ni babu wanda za ya ce ni na jawo ma kaina."

Na yi istihara, na sake yi. Ban ga komai a mafarki ba, ban kuma ji wata natsuwa ta sauko mini ba. Abin da kawai ya tsaya mini a rai shi ne ɗalibaina zaune suna jira in farka. Na koma na ce wa Dakta Suhaira a yi aikin.

Ɗakin da sanyi kamar cikin firji. Ba su sa ni barci ba, allurar kashe zafi kawai aka yi mini a cinya. Ina kwance ina kallon wani allon talabijin, na ga wayoyi baƙaƙe suna rarrafe a cikin inuwar ƙirjina. Suka tayar da ciwon da kansu, suka kwantar da shi, suka sake tayarwa, kamar masu gwada inji. Ina ta karanta abin da ya zo bakina. Can Dakta Suhaira ta ce, "Mun same shi. Za ka ji zafi, kada ka motsa." Na ji wani ɗumi ya taso daga tsakiyar ƙirjina zuwa kafaɗa.

Sai na ji ta daka tsawa, kalma ɗaya. Ƙarar na'urar da ke bin bugun zuciyata ta rikice, ta yi tsalle, ta yi wani dogon shiru. A cikin shirun nan na ji kamar ana janye ni ta ƙasan gado. Sannan ƙarar ta dawo, ɗaya, ɗaya, a hankali.

Dakta Suhaira ta zagayo ta tsaya saitin kaina, idanunta kawai nake gani a saman ƙyallen da ta rufe baki da shi. Ta ce, "Shehu Habibu, kana ji na? Wurin naka ya manne da babbar hanyar fiye da yadda muka zata. Na taɓa shi kaɗan, zuciyarka ta yi gargaɗi, na tsaya, ta dawo. Idan na ci gaba, zai yiwu in raba ka da ciwon yau. Zai kuma yiwu ka bar ɗakin nan da batir. A wurinka haɗarin ya fi na sauran mutane. Akwai wata hanya da ake yi da sanyi maimakon zafi, amma ba mu da na'urarta a nan." Sai ta tambaye ni, "Idan aka sa maka batir, akwai mai duba maka shi kusa da garinku?"

Na tuna hanyar ƙauyenmu idan damina ta yi nisa, yadda babur ke nutsewa a taɓo. Na tuna muryar Yaya Ado. Na tuna ta Inna.

Na ce, "A tsaya."

Ta ce, "Ka tabbata?"

Ban tabbata ba. Na ce, "A tsaya."

Suka zare wayoyin, wata nas ta danne mini cinya da ƙarfi don kada jini ya zuba. Hawaye na bin gefen idona suna shiga kunne, ita kuma tana share mini da bayan hannunta, tana faɗin wasu kalmomi da ban gane ba.

Da aka sallame ni na koma masauki ina ɗingishi, na tarar da ƙofar su Alhaji Mamman a buɗe, Hajiya Tumba zaune a ƙasa ita kaɗai. Ya rasu ina asibiti. Babu halin kai shi gida. Ni da wasu ɗalibai Hausawa da limamin unguwar ya nemo muka yi masa wanka, ina tsaye a kan ƙafa ɗaya saboda ciwon cinya. Muka bi motar gawa zuwa wata maƙabarta a bayan gari, cikin rairayi da duwatsu, inda babu itace ko ɗaya. Mutumin da aka ce idan ya shiga kasuwar garinsu sai an tashi tsaye, waɗanda suka sallace shi ba su cika sahu ɗaya ba. Hajiya ta roƙe ni in ɗauki hoton wurin a waya don 'ya'yansa. Na ɗauka, amma babu abin da ya bambanta kabarin da na kusa da shi.

Jirgi ɗaya muka hawo da Hajiya Tumba. Kafin mu taso, Dakta Suhaira ta canza mini magani zuwa wani da ta ce wataƙila ba zai kashe mini jiki kamar na farko ba, ta rubuta bayanin komai don likitana na Kano, ta ce ƙofar aikin ba ta rufe ba idan wata rana na samu inda ake yi da sanyi. Na yi mata godiya, ni da ita duk mun san ba lallai in sake samun halin fita ba. A filin jirgin Kano 'yan'uwan Hajiya suka zo suka tafi da ita. Ta juyo ta ce, "Malam, Allah shi ba ka lahiya." Ban sake ganinta ba.

A gida an yi shara, an dafa abinci, mutane suna ta shigowa barka da arziki. Inna ta riƙe hannuna ta ƙi saki, tana gaya wa kowa ɗanta ya ji maganarta. Ban gyara mata ba. Yaya Ado ya ja ni bayan rumbu, na ba shi labari tun daga Nura har zuwa kan gadon aiki. Ya saurara yana kallon ƙasa.

Ya ce, "Kai ka ce a tsaya, ko ita?"

Na ce, "Ni ne, Yaya."

Ya gyaɗa kai, ya ce, "To." Ya koma cikin baƙi. Bai taɓa ce mini na yi kuskure ba, bai kuma taɓa ce mini na yi daidai ba. Muna gaisawa, muna noma gefe da gefe, amma maganar Masar ba ta sake haɗa mu ba.

Sabon maganin ya fi na da dama-dama. Ina iya kai darasi ƙarshe, ina iya rabin aikin da nake yi a da. Ciwon yakan zo, ba kamar da ba, amma yakan zo, kuma ban isa in je gona mai nisa ni kaɗai ba.

Bayan kaka, wata rana da la'asar, ina zaune a tsakar gida Rabi na ɓarar gyaɗa. Ba tare da ta ɗago kai ba ta ce, "Malam, da za a mayar da kai kan gadon nan a sake tambayarka, me za ka ce?"

Na ce, "Wata rana nakan ce a ci gaba. Wata rana nakan ce a tsaya."

Ta ce, "Yau fa?"

Na daɗe ina sauraron ƙirjina. Yana bugawa a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kamar na kowa. Ta dakata da ɓarar tana jirana.

Na ce, "Miƙo mini ruwa, lokacin magani ya yi."